Ba Ƙarfe Ne Ya Kashe Gwaggo Ba

Daga Allah muke, da farinmu da baƙinmu, kuma wurinsa za a tattara mu. Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijina, ta amsa kira ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta na Gyadi-Gyadi, yau kwana arba'in ke nan. Ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma abin da kunnena ya ji a zaman makokinta ya hana ni yin shiru, don in na bari, shi za a riƙa faɗa wa jikoki.

Ban san Gwaggo na da dangi haka ba sai da ta mutu. Tsakar gida ya cika, soro ya cika, har ƙofar maƙwabta aka shimfiɗa tabarmi. Faccalata, matar wan mijina, ta taso daga Daurawa, tun daga bakin lungu ake jiyo kukanta. "Wayyo Gwaggo, kin tafi kin bar mu da wa?" Wannan baiwar Allah ita ce ta ɗiga jan fenti a gindin kwano ɗaya da kofi ɗaya a gidanta, ta ce na Gwaggo ne in ta zo, kada su gauraya da na yara. Da aka zo wanka aka ce na kusa su shigo, sai hawan jininta ya motsa, aka shiga yi mata fifita. Wata ta ce tana da juna biyu. Wata ta ce ita zuciyarta ba ta ɗaukar ganin gyambo. Ni da wata tsohuwar maƙwabciya muka yi wa Gwaggo wanka muka suturta ta. Ba mu ji ƙyamar komai ba, jikin nan mun saba wanke shi tun da rai.

Da maza suka dawo daga maƙabarta aka zagaya da kunu, hawaye ya bushe, sai bakuna suka buɗe.

"Ai an faɗa mata. Ciwon daji ba ya son ƙarfe."

"Ko allura ba a kusanta masa, balle wuƙa."

"Wata bakwai da yankan, ga shi nan. Da ta tsaya a kan na gargajiya da yanzu tana nan."

"Taurin kai ne. Allah dai ya jiƙanta."

Duk wadda ta faɗi tata sai ta kurɓi kunu, ta saci kallon 'yata da ke takure a bakin ƙofa. Sun san abin da suke yi. Kowa a gidan ya san Litinin mai zuwa za a shiga da yarinyar tiyata.

Ga wanda bai san mu ba, Gwaggo zabiya ce. 'Yata ta fari ma haka ta zo, fara sol. Ranar da na haihu mata suka cika ɗaki ana leƙe, ba wadda ta miƙo hannu. Gwaggo ta shigo, ta ture su, ta ɗauki jaririya ta kai ta dab da fuskarta, don idonta rawa yake ba ya gani daga nesa. Ta ce, "Sannu da zuwa. Kin daɗe a hanya, ni kaɗai nake ta zama a cikin mutanen nan." Wan mijina, wanda muke kira Yaya, shi ya zaɓi suna. Ya ce tunda ta ɗauko fatar Gwaggo sai ta haɗa da sunan. Shi gatse ya yi, ita kuwa ta karɓa hannu biyu. Har ta mutu Takwara take kiranta. Yanzu shekarar yarinyar goma sha shida, kuma a saman kunnenta na hagu akwai wani ɗan miki da ya ƙi warkewa, likita ya ce dajin fata ne a farkonsa.

Na Gwaggo ma haka ya fara. Da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, sai ta shiga sayar da ɗanwake a bakin titi, tsakar rana, shekara da shekaru, ba rumfa ba malafa. Wani ɗan kaushi ya fito mata a gefen wuya, bai wuce ƙwayar wake ba. Da ƙafarta ta je asibiti, likita ya ce a cire shi yanzu. Yaya shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya karɓe katin asibitin ya sa a aljihu ya ce, "Ba za a yanka ƙanwar ubana ina raye ba." Ya riƙa ɗora ta a bayan Vespa yana kai ta wurin masu magani, daga Ƙauyen Alu har ƙauyukan da ban san sunansu ba. Jiƙo, hayaƙi, shafe-shafe, da wani baƙin gari mai cin nama. Shekara takwas ana haka, ƙwayar wake ta koma faɗin tafin hannu. Daga nan Yaya ya ɗauke ƙafa, wai warin na sa masa ciwon kai.

Ita kaɗai ta koma asibitin nan na kusa da mu, ana wanke mata ciwon. A kan bencin jira ta riƙa ganin irinta, kowa ya sunkuyar da kai, kowa ya rufe nasa da ƙyalle, ba mai yi wa wani magana. Wata rana ta ce da na kusa da ita, "Bawan Allah, ni da kai wa zai yi wa wani dariya? Ɗago kai mu gaisa." Wannan shi ne Baba mai gadi, wani dattijo zabiya mai gadin shaguna a Tarauni. Kafin a kira su ta yi wa duk bencin kwatancen gidanta, ta ce ranar Alhamis bayan la'asar, in rana ta yi sanyi.

Haka zaman Alhamis ya samo asali. Ba suna, ba shugaba, ba takarda. Wani lokaci mu goma, wani lokaci mu fi. Doka ɗaya ta kafa: mai ciwo ba ya zuwa shi kaɗai, sai da mai jinyarsa.

In an taru, kafin a ce komai sai a yi duba. Gwaggo na zaune a kan turmi da ta kifa, kowa ya zo ya durƙusa gabanta ta ce, "Juyo." Da yatsa take gani. Ta bi bayan kunne, ƙeya, leɓe, bayan hannu. In ta ji kaushi sai ta tsaya ta kira mai jinya. "Zo ki taɓa nan. Kin ji? Wannan ba ƙurji ba ne. Gobe ki kai shi." Mazan kuwa Baba mai gadi ke duba su a soro, ita ta koya masa. Ba ta taɓa cewa ita likita ba ce. Takan ce, "Ni 'yar rakiya ce, ƙofar likita kawai nake nunawa." In wani ya fara kawo labarin wani mai magani da ya ji ana yabo, sai ta janye mayafi daga wuyanta, ta bar shi ya ƙare kallo, ba ta ƙara ko kalma.

Bayan duba sai ta kore mu, mu masu jinya. "Ku shiga madafa ku zage mu. Mu ma za mu zage ku a nan." Da farko wasa muka ɗauka. Amma a madafar nan na ji abin da mutum ba ya faɗa ko ga uwarsa. Akwai Malama, malamar firamare ce 'yar Kudancin Kaduna, Kirista, mijinta ke da shi a leɓe. Ita ta fara fasa shirun. Ta ce, "Jiya na zuba masa abinci, na shiga banɗaki na zauna kawai don kada in ga yana ci. Ku faɗa mini, ni muguwa ce?" Sai wata ta miƙa mata wuƙa da albasa, muka yi ta yanka muna hawaye, kowa na cewa albasar ce. Ni ma a nan na faɗi tawa, cewa na gaji da bin yarinya da mayafi da malafa kamar mai gadin fursuna, kuma wani lokaci haushinta nake ji in ta ce tana son fita kamar sa'o'inta. Da muka fito Gwaggo ta dubi idona ta ce, "Matar ɗana, bar mini Takwara kwana uku. Je ki gidanku ki sha hira." Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban yi godiya ba don kada in fashe.

Abinci kuwa a faranti ɗaya ake ci, mata nasu, maza nasu. Wadda ciwonta ya fi wari a cikin mata ita Gwaggo ke jawowa kusa da ita. Akwai wata da danginta suka mayar ɗakin ajiya a bayan gida, ake tura mata tuwo da ƙafa. Ranar da ta fara zuwa ta ƙi sa hannu. Gwaggo ta ce, "In ba ki ci ba ni ma na ƙoshi, kuma ni in na ji yunwa masifa nake yi, tambayi mutanen nan." Ta ci. Ta ce rabonta da haɗa hannu da mutum tun azumin da ya wuce.

Kada a ce na mai da ita waliyyiya. Gwaggo na da baki, kuma ba ta iya ba da haƙuri ba. Ta taɓa iske Takwara na shanya a tsakar rana kai ba malafa, ta wanke ni tas a gaban 'ya'yana, har da cewa in na gaji da yarinyar in faɗa a fili. Kwana goma ban taka gidanta ba. Ba ta aiko ban haƙuri ba, ɗanwake ta aiko, da yaji mai yawa yadda nake so.

Da soja suka miƙa mulki aka shiga farar hula, kowa ya zama mai son talaka. Wani sabon kansila ya ji labarinmu ya aiko a tara masa "masu lalurar nan" zai taimaka. Ina aka tara mu? Filin ƙwallon wata makaranta, ƙarfe sha biyun rana. Rumfa ɗaya ce, ita ma ta manyan baƙi, da kujeru jere ba kowa a kai. Zabiyoyi masu dajin fata, aka jera su a benci a tsakiyar rana, mai hoto na cewa su cire malafa don fuska ta fito. Muka jira har aka kira azahar. Gwaggo ta miƙe ta ce, "Ku taso." Wani yaron kansila mai babbar riga ya sha gabanta. "Haba Hajiya, ga mai girma nan tafe." Ta ce, "Ni ban je Makka ba. Ka gaya masa abin da ke kashe mu shi ya shimfiɗa mana tabarma a ciki. In yana son hoto ya zo Alhamis ya riƙe mana kwanon wanke ciwo." Bai zo ba. Amma ya zo ta'aziyya da mota biyu, ya tsaya a soro yana faɗa wa maza cewa marigayiya uwa ce a wurinsa, tare suka kafa ƙungiya.

Tiyatar Gwaggo da masu makoki suke ta magana a kai, ina wurin aka yi zancenta. Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Mama, an makara. Ya riga ya shiga kaluluwa. In mun yanka ba warkewa za ki yi ba, zafi da wari ne za su ragu." Ta ce, "A yanka. Ko wata ɗaya ya rage mini, in yi shi mutane ba sa toshe hanci." Allah ya ba ta bakwai. A cikinsu ta ci abinci da daɗi, ta juya wuya ta yi sallama a salla ba tare da ta cije leɓe ba. A cikinsu ne kuma yatsanta ya tsaya a kan kunnen Takwara, ta kira ni ta ce, "Zo ki taɓa nan."

Da Yaya ya ji an ba yarinyar ranar tiyata, sai ga shi a gidan Gwaggo, bayan shekara biyu bai leƙo ba. Tana kwance a lokacin, muryarta ta yi ƙasa. Daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Gwaggo, ke kin yi naki, kada ki ja mana yarinya."

"Shigo mana, ɗan yayana. Ko har yanzu kan na ciwo?"

"Ni ba wasa na zo yi ba. Kowa ya san abin nan ba ya son ƙarfe."

"Wa ya gaya maka? Ka taɓa wanke shi? Ka taɓa kwana da shi? Na bi maganarka shekara takwas don kai namiji ne kuma babba. Ban riƙe ka ba, kai ma abin da ka ji ne. Amma Takwara ba za ta hau Vespar nan ba."

Ya buga ƙafa ya fita yana cewa ciwo ya taɓa mata hankali. Mako biyu bayan nan ta rasu.

Ranar sadakar uku ta faɗo Alhamis. Da safe bayan an shafa addu'a, Yaya ya kira mijina tsakar gida, a gaban mata, ya ɗaga murya don in ji. "Ka ga aya da idonka. Maganar Litinin na soke ta. Kawo katin." Malam, mijina, tela ne a kasuwar Tarauni, mutum ne da bai taɓa ɗaga ido ya dubi wansa ba. Ya ce katin na gida. Yaya ya ce gobe ya kai masa Daurawa. Malam ya ce to. Wannan "to" ɗin ya fi mini mutuwar zafi. Na dubi 'yata, ta ja mayafi ta rufe kunnen.

Ina da abin faɗa, amma matar ƙane ba ta musu da wan miji a gaban mutane, kuma in na yi, sai a bar zancen kunne a koma zancen rashin kunyata.

Bayan la'asar sai aka yi sallama. 'Yan zaman Alhamis ne, da malafunsu da dogayen hannayen riga, kowa da mai jinyarsa. Ban aika musu ba. Alhamis ce kawai, suka zo. Masu makoki suka shiga janye tabarmi, faccalata ta kwashe kofuna ta shige ɗaki. Malama ta dubi turmin Gwaggo ta dube ni ta ce, "Maman Takwara, a yi duba ko?" Na ce a yi. Ban iya zama a kan turmin ba, a tsaye na yi.

Maza na soro, amma labule ne kawai tsakaninmu, ina jin komai. Baba mai gadi ya gaisa da kowa, wasu suka ba shi hannu, wasu suka dafa ƙirji daga nesa. Ya zauna kusa da Malam ya cire malafa.

"Malam tela, na ji an ce an fasa."

Yaya ya amsa, "Maganar gida ce wannan, Baba."

"Haka ne, Alhaji, ni ba ɗan gida ba ne. Aron yatsan ƙanenka kawai zan yi." Sai ya ce da Malam, "Kawo hannunka. Taɓa nan, bayan kunne. Ka ji ramin? Ƙarfe ne ya yi shi, wuƙar likita. Damina biyu ke nan ina cin tuwona, har aure na ƙara." Wasu suka yi dariya. Ya kira mijin Malama. "Kai ma nuna masa leɓenka." Ya nuna. Wani mai sayar da itace ya naɗe hannun riga ya nuna nasa tabon. Baba ya ce, "Mu da aka yanka da wuri ga mu zaune. Waɗanda aka ɓoye wa ƙarfe, ni na raka su, in kana so in kai ka ka ga inda suke kwance. Ita marigayiya tare muka fara zaman benci. Ta ce mini nata kamar wake yake lokacin da aka karɓe mata kati. Ban tambaye ta wa ya karɓa ba."

Yaya ya ce lokacin magariba ya gabato, ya tashi ya nemi buta, alhali rana ko ja ba ta yi ba.

Juma'a ta wuce Malam bai je Daurawa ba. Asabar Yaya ya aiko, ya ce a ce masa ɗinki ya yi masa yawa. Ni dai ban tambaya ba, na wanke kayan yarinya na goge na ajiye. Litinin da sassafe ina hura wuta sai na gan shi tsaye da takalmi a ƙafa, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Ku ba ku shirya ba? So kuke rana ta fito ta same ta a hanya?"

Ko awa ɗaya ba a yi ba aka fito da ita. Abin da aka cire bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ɗinki biyar. Da muka koma likita ya ce an samo shi duka, sai dai a ci gaba da duba da gudun rana. Yanzu wurin ya kame, ɗan lanƙwasa ne kawai a saman kunnen, ita ce ma ke tsokanar kanta wai ɓera ya ɗanɗana.

Shekaranjiya Yaya ya zo shirin sadakar arba'in. Ya kira yarinyar, ya sa tabarau, ya leƙa kunnen daga inda yake zaune. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama ya ce da Malam, "Ai dama na faɗa a raina, wannan ba daji ba ne. Da shi ne da ba ta tashi ba."

Na kawo masa ruwa na durƙusa na ajiye, na ce Yaya a sha ruwa. Ya sha, ya ce Allah ya yi albarka.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta sha rana a duniya, ka sa ta a inuwar da ba ta gushewa. Ka yafe mata kaifin bakinta, ka sa ciwon da ta ɗauka ya zama kankarar zunubi. Mu da ta bari, ka ba mu ƙarfin hannun wanke na wankewa da kai na kaiwa asibiti tun da wuri. Masu kukan bakin lungu kuma, Allah ka ba su lafiya mai ɗorewa, don ban ga wanda zai yi jinyarsu a cikinsu ba. Amin.